Hoton jariri sabuwar haihuwa: yaushe, a ina, kuma a hannun wa?

"Assalamu alaikum Anti. Cikina ya shiga wata takwas, kuma haihuwar fari ce. Na daɗe ina ganin hotunan jarirai a Instagram, an naɗe su a shawul suna barci a cikin kwando, wasu har da tagumi, ina so ni ma a yi wa nawa. To amma gida zan tafi wanka, kuma Mama ta ce babu inda jariri zai leƙa sai an yi arba'in. Maigidana ya ce a bari sai ranar suna, tunda dama za a kira mai hoto. Wata ƙawata kuma ta ce hasken kyamara yana lalata idon jariri. Don Allah yaushe ya fi dacewa, me zan tanada, kuma ta yaya zan gane wanda ya san aikinsa?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya, ya kawo mai albarka. Idan na fahimce ki, kina son hoton, amma ba kya son ki saɓa wa Mama ko maigida, kuma ba kya son abin da zai taɓa lafiyar yaron. Duka ukun za su iya haɗuwa. Ɗaukar hoton mata da yara ita ce sana'ata, kuma a cikinta babu aikin da nake taka-tsantsan da shi kamar na jarirai, domin shi kaɗai ne aikin da wanda ake ɗauka ba zai iya cewa ya gaji ba, ko wuyansa ya ƙage, ko sanyi ya kama shi. Saboda haka duk shirin da za ki yi, ki gina shi a kan jikin jaririn da naki jikin. Hoton da kika gani a waya shi zai biyo baya, in ya samu.

Wannan salon ba a nan aka fara shi ba. Wata mai ɗaukar hoto 'yar asalin Ostareliya, Anne Geddes, ita ta sa ya karaɗe duniya a shekarun 1990, lokacin da hotunanta na jarirai a cikin tukwanen fure suka cika kalandu da katunan gaisuwa. Daga baya masu hoto a Amurka da Ingila suka mai da shi fanni mai zaman kansa, da horonsa da ƙa'idojinsa, sannan waya ta kawo mana shi har Kano da Kaduna da Abuja. Kwando da shawul da hular saƙa sun iso mana da wuri. Horon ne bai iso da irin wannan saurin ba, shi ya sa za ki ga na fi daɗewa a kan maganar lafiya fiye da ta kwalliya.

Lokacin da ya fi

Masu wannan aiki sun fi son tsakanin kwana 5 zuwa 14 da haihuwa. A wannan tsakanin jariri yana barci kusan awa 16 cikin 24, kuma jikinsa bai gama warwarewa daga naɗuwar da ya yi a ciki ba. Kina kwantar da shi za ki ga ya tattaro gwiwoyinsa da kansa, ya dunƙule hannu kusa da kumatu. Wannan dunƙulewar ce ke ba hoton kyau, kuma tasa ce, ba wani ya lanƙwasa shi ba. Daga mako na uku yakan fara miƙewa, barcin ya yi sauƙi, ƙananan ƙuraje su feso a fuska, wasu kuma su fara kukan yamma wanda ba ya jin rarrashi. Kafin kwana biyar kuwa ruwan nono bai gama zuwa ba, ke kanki ba ki dawo daidai ba, kuma a kwanakin ne ciwon shawara ke bayyana a jikin jariri. Ba lokacin hoto ba ne.

Sai dai a wurinmu suna ya faɗo a tsakiyar wannan lokacin, kuma a nan zan saɓa da maigida, cikin girmamawa. Ki tuna sunan da kika halarta na baya-bayan nan. Da safe an raɗa suna, an yanka rago, wanzami ya yi aski. Kafin azahar gida ya cika da mata, wannan gwaggo ta karɓi jariri, waccan ƙawa ta ce a miƙo mata, kowa da irin turarenta, ga hayaniya, ga zafi, ga mai jego ana ta kiran ta ta canza kaya. Zuwa la'asar yaron ya sha hannu har ya gaji, ko dai yana ta kuka ko ya yi barcin wahala, an kuma jinkirta masa nono sau da yawa saboda uwar na gaisawa da baƙi. Wanda zai zauna awa uku yana lallaɓa jariri a ɗaki shiru ba zai sami ɗakin ba, ba zai sami shirun ba. Mai hoton suna aikinsa daban, na taro ne da anko da dangi, kuma ku kira shi, abin tarihi ne. Amma na jariri a ware masa ranarsa.

Wace rana ke nan? Ya danganta da sumar kai. Idan kina son hoton da gashin da ya zo da shi duniya, sai a yi a kwana na biyar ko na shida, kafin aski, in dai jikinki ya yarda. Idan wannan bai dame ki ba, ni na fi son kwana na 9 zuwa na 12. 'Yan barka sun ragu, baƙin nesa sun koma, shayarwa ta fara zama, sau da yawa cibiya ma ta faɗi. Ɗan kan da aka aske tas yana da nasa kyan, kuma shi ne kamannin ɗanmu na nan. Idan cibiyar ba ta faɗi ba, kada wanda ya taɓa ta don hoto, tana iya kaiwa mako biyu har uku, kuma shawul yana rufe ta. Haka idan an yi wa namiji kaciya da wuri kamar yadda wasu ke yi yanzu a asibiti, ko an huda wa mace kunne, a bari wurin ya warke. Ba a kwantar da mai sabuwar kaciya ruf da ciki.

Tun yanzu ya kamata ki yi magana da mai hoton, kada ki bari sai kin haihu. Ba rana za ku tsayar ba, mako za ku ware, domin jariran da ke zuwa daidai ranar da asibiti ya ƙiyasta ba su wuce kusan 5 cikin 100 ba. Ki bar wa ƙanwarki ko maigida lambar, ana haihuwa su sanar, sannan a sa rana.

Maganar Mama

Mama tana da gaskiya, kuma likitoci ba za su yi mata musu ba. Garkuwar jikin jariri ba ta yi ƙarfi ba a makonnin farko. Rigakafin da ake yi masa da haihuwa na tarin fuka ne da shan inna da ciwon hanta, sauran sai ya kai mako shida, wato dab da arba'in. Murar da babba zai sha shayi ya wuce, jariri tana iya kwantar da shi a asibiti. Don haka maimakon ki kai shi situdiyo, mai hoton ta zo gida. Yawancin aikina na jarirai a gidajen iyayen masu jego nake yin sa, kuma abin da nake nema bai wuce ɗaki mai taga da fili kamar na shimfiɗa tabarma ɗaya ba. Na ce "ta zo" da gangan. Za ki shayar sau biyu ko uku a gabanta, za ki zauna yadda ɗinki ya bar ki, za ta shiga har ƙuryar ɗakin Mama. Da mace abin zai fi miki sauƙi, gidan ma zai fi sakewa.

Ki faɗa wa Mama da wuri, ki nuna mata irin hoton da kike so, ki kuma roƙe ta ta zauna a wurin. Kakar da aka yi shawara da ita takan zama babbar mai taimako, domin babu wanda ya kai ta iya sa yaron barci. Wadda aka yi wa ba-zata kuwa, da ta ga baƙuwa ta tuɓe mata jika za ta ce a tattara. Idan akwai wanda a gidan yake ganin bai dace a ɗauki hoton ba ta fuskar addini, wannan ba hurumina ba ne, na malamai ne da ku masu gida, amma ku gama maganar kafin ki ba da kuɗi.

Idan kuma kwanakin suka wuce, saboda an yi miki aiki ko an riƙe ku a asibiti ko Mama ta ce a'a, kada ki sa wa ranki damuwa. Wajen mako shida zuwa takwas ne yaro ke fara kallon fuskar uwarsa ya yi mata murmushi na gaske. Hoton arba'in, ido biyu, kumatu sun ciko, yana ba da abin da na kwana goma ba zai taɓa bayarwa ba.

Hasken kyamara

Ƙawarki ta faɗi abin da mutane da yawa ke tsoro, amma babu wata shaida ta likitanci da ta nuna cewa walƙiyar kyamara tana makantar da jariri. Likitan ido ma da fitila mai haske yake duba idon jarirai. Duk da haka ba a dalle wa jariri haske kai tsaye a fuska, saboda yana firgita shi ya tashe shi, hoton kuma ya fito da ƙyalli marar kyau. Wadda ta san aiki ko dai ta yi amfani da hasken taga da aka tace da farin labule, ko ta juya fitilar cikin farar lema daga gefe, hasken ya sauko a hankali daga saman kai zuwa haɓa. Ni hasken taga na fi so, tsakanin ƙarfe tara na safe zuwa sha biyu. Wani abu da ya kamata kowace uwa ta sani: idan a hotunan da kuke ɗauka da waya kuka ga tsakiyar ido ɗaya yana fitowa fari fat maimakon baƙi ko ja, ku kai shi likitan ido ba tare da jinkiri ba.

Tagumi, lilo, da yadda za ki gane ƙwararriya

Wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe. Hoton jaririn da ya yi tagumi, gwiwar hannu a ƙasa, haɓa a tafin hannu, ba hoto ɗaya ba ne. Biyu ne aka haɗa. A na farko mataimakiya tana riƙe da saman kan yaron, a na biyu tana riƙe da wuyan hannuwansa a ƙarƙashin haɓa, sai a zo a kwamfuta a goge hannun babba a haɗe su. Ko daƙiƙa ɗaya ba a sake shi ba. Haka wanda kike gani yana reto a cikin zane daga reshen bishiya, a kwance aka ɗauke shi a kan katifa, sauran aikin kwamfuta ne. Yanzu ma akwai hotunan da fuskar kawai ce ta jariri, duk abin da ke kewaye da ita na'ura ce ta ƙirƙira. Hatsarin shi ne wanda ya ga hoton a waya, bai san sirrin ba, ya zo ya gwada a kan ɗan mutane da gaske.

Kan jariri kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na tsawon jikinsa, wuyansa kuma ba ya iya riƙe shi sai ya kai wata uku zuwa huɗu. Idan kan ya rinjaya gaba, haɓa ta manne da ƙirji, hanyar numfashi tana matsewa, kuma abin tsoron shi ne ba lallai ya yi kuka ba, shiru zai yi. Shi ya sa duk kwanciyar da na yi wa jariri sai na tabbata yatsana yana shiga tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa, idona kuma yana kan launin leɓensa da tafin ƙafarsa. Da na ga ƙafa ta fara canza launi ko ta yi sanyi, na san naɗin ya matse, sai a kwance. Ni dai ba na yin hoton tagumin nan sai iyaye sun nace, kuma sai da mataimakiyata. Manya ma dama ba sa son ganin yaro ya yi tagumi, kakanni da yawa da sun gani suke cewa a cire masa hannu, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba.

To ga yadda za ki auna mai hoto. Ki tambaye ta yadda take yin hoton tagumi. Idan ta ce ai lallaɓa shi ake yi har ya tsaya da kansa, ki yi mata godiya ki nemi wata. Ki tambaya ko tana zuwa da mataimakiya, in ba ta da ita wa zai zauna dab da yaron. Dole a sami babba wanda hannunsa ke isa gare shi a kowane lokaci, domin jaririn kwana goma yana iya zabura ya tuntsura daga inda aka ajiye shi. Ki tambaya ko tana wanke shawulanta bayan kowane jariri. Ki ce ta nuna miki aiki guda cikakke na jariri ɗaya, ba zaɓaɓɓun da ta sa a shafinta ba. Sannan ki lura da abin da ita take tambayar ki. Wadda ta san aiki za ta so sanin ko cikin ya cika wata tara, nauyinsa nawa, ko an kwantar da shi, ko ya sami matsala a kafaɗa ko ƙugu wajen haihuwa. Wadda tambayarta ta tsaya a kan launin da kike so da kafin alƙalami, kaya take ɗauka hoto, ba yaro ba.

A ranar kuma ki sa ido. Ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa shi, babu dogon farce, babu zobe, igiyar kyamara tana wuyanta duk lokacin da ta tsaya a kansa. Kwando ko ƙwarya a ƙasa suke zama, an sa musu nauyi a gindi, ba a kan tebur ko kujera ba. Ba a sa jariri a cikin abin gilashi ko tangaran. Idan tana mura ko tari, a ɗaga ranar. Mai ƙurjin leɓe, irin wanda ke fitowa bayan zazzaɓi, ko mai hoto ce ko 'yar'uwa, kada ta sumbaci jariri, domin ƙwayar cutar da ke kawo shi tana iya yi wa jariri mummunar illa. Kuma duk abin da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, ki ce a bari. Ɗanki ne, ba kya bukatar kawo dalili.

Barcin da ba na lafiya ba

Mu masu hoto muna son jariri mai barci, kuma a nan ne ake iya yin kuskure mai girma. Akwai barcin ƙoshi, akwai na ciwo. Jaririn da ake tashinsa ya kama nono ya ƙi, jikinsa ya saki, farin idonsa ko dasashinsa ya yi rawaya, wannan ba mai haƙuri ba ne, shawara ce mai yiwuwa ta yi yawa, kuma idan ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa. A fatarmu ba a cika ganin ta da wuri ba, sai an duba ido da dasashi a hasken rana. Asibiti ake kai shi a auna jini, in ta kama a sa shi a ƙarƙashin fitilar da ake maganinta da ita. Shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan gulukos ba ya maye gurbin wannan. Haka zafin jiki da ya kai digiri 38, ko numfashi da sauri, ko cibiya mai wari da ja a kewayenta, duk asibiti ake kai shi. Na sha naɗe kayana in ce a tafi asibiti tukuna, kuma duk mai hoton kirki haka za ta yi. Kada kuma wani ya ba ki shawarar ɗiga masa maganin mura mai sa barci, ko zuma, don ya kwanta a yi hoto. Zuma ba a ba yaro sai ya shekara. Nono shi ne abin sa barcinsa.

Akwai abubuwan kwalliya da nake roƙon iyaye su ajiye. Kayan jariri da zannuwan da aka adana da kafur a akwati, a wanke su a shanya sosai kafin su taɓa jikinsa, gara ma a raba kayansa da kafur gaba ɗaya. Akwai wani ƙarancin sinadari a jini da ake gada, likitoci na ce masa G6PD, yana da yawa a Najeriya musamman a 'ya'ya maza, kuma kafur yana farfasa jinin mai shi ya jawo shawara mai tsanani. Lalle ma yana yin haka, don haka ke ki sha lallenki, amma kada a ɗiga wa jariri ko a tafin ƙafa. Kwallin gargajiya kuwa an sha gwada shi a sami dalma a ciki, ga shi a ido ake sa shi. Na san ana ganin yana ƙara wa ido kyau, amma idon jariri a rufe zai fito a hoton, kuma gashin idonsa kaɗai ya isa. Hoda tana shiga huhu. Turaren wuta a bari sai an gama, an fitar da shi daga ɗakin.

Safiyar ranar

Jariri yana saurin yin sanyi, musamman an tuɓe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗakin jariri kada ya gaza digiri 25, mu kuma wajen aiki mukan so shi tsakanin 26 da 28, wato ɗumin da babba zai ɗan ji gumi. A watan Afrilu wannan ba abin nema ba ne, sai ma a kula kada ya yi yawa: a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a bar fanka a hankali tana kallon bango. Ki riƙa taɓa ƙeyarsa, in ta jiƙe da gumi a rage naɗi. Da hunturu kuwa a rufe tagogi tun da safe, a sa labule mai shigar da haske, in akwai hita a kunna daga nesa. Kada a shigo da kaskon garwashi ɗaki a rufe, kada kuma a tada janareto a bakin taga. Dukansu suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma jariri ne ke fara jikkata.

Tsarin da na ga ya fi tafiya daidai da gidan jego shi ne wannan. Ki yi wankanki na safe, ki karya da kununki ki ƙoshi. A yi wa jariri nasa wankan, a shafa masa mai kaɗan, ba mai sa ƙyalli ba. A sa masa famfas a sassauce da riga mai buɗewa ta gaba, domin wadda ake cirewa ta kai tana tashinsa, roba mai matsewa kuma tana barin shaida a fata. Ki daidaita shayarwa yadda zai sha ya ƙoshi daidai isowar mai hoto, ki sa shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Amma kada ki ja masa rai da yunwa wai don ya sha da yawa daga baya. Jariri yana sha sau 8 zuwa 12 a cikin awa 24, in ya nema a ba shi.

Ki ware awa biyu zuwa huɗu, kuma ki sani fiye da rabinsu a shayarwa da jijjigawa za su tafi. Zai yi fitsari a kan shawul, zai yi kashi, zai yi tumbuɗi a kan rigar da kika fi so. Na ga masu jego suna ta ba ni haƙuri har da rufe fuska, alhali wannan yana cikin aikin, shi ya sa muke zuwa da shimfiɗu da yawa. Ki tanadi famfas, ƙananan tawul, ruwan ɗumi a roba, da ruwan shanki. A rage mutane a ɗakin: ke, Mama, da mutum ɗaya. Yara masu leƙe a ba su nasu hoton da farko su tafi.

Kayan ado ba sai kin kashe kuɗi ba. Mai hoto za ta zo da nata, kuma launi ɗaya ko biyu masu taushi sun fi tarkace. Abin da nake ƙarfafa wa mutane shi ne su kawo abin gidansu: zanen goyon da aka goya ki da shi in Mama ta adana, farin saƙi, faifai, tabarmar kaba, hular babansa a ajiye a gefe. Irin wannan hoton ba zai yi kama da na kowa ba. A dai shimfiɗa abu mai laushi tsakaninsa da duk abin da ke da kaushi.

Ke da babansa

Ki shiga hoton. Na san abin da za ki ce: ƙafa a kumbure, fuska ta yi nauyi, ga kunyar ɗan fari, ba kya son a ga kina rungumar sa a gaban Mama. Ina girmama wannan kunyar, ba na kuma tilasta wa kowa. Abin da nake yi shi ne in roƙi a ba mu minti goma mu kaɗai a ɗakin, ko in ɗauki hannuwanki kawai suna tallafe da kansa, lallenki ya fito, fuskarki ba ta fito ba. Ki sa doguwar riga marar ado da yawa, mai sauƙin shayarwa, da mayafi mai launi ɗaya. Leshi mai duwatsu yana karce fatar jariri, a bar shi sai fitar suna. Humra ma a sassauta.

Baban kuma, tunda a gidan surukai ne, shi ma da tasa kunyar. A sa masa lokaci, ya zo ya gaisa, a kai masa yaron falo ko zaure a yi nasa cikin minti goma sha biyar yana zaune. Kada kuma ki manta da Mama. Hoton kaka da 'ya da jika shi ne wanda na ga iyalai suna dawowa nema bayan shekaru, wani lokaci bayan an yi rashi.

Abin da za ku yi yarjejeniya a kai

Farashi ya bambanta daga gari zuwa gari, yana kuma canzawa, don haka ba zan sa miki lamba ba. Amma ku rubuta, ko a saƙon waya ne: hoto nawa za a gyara, yaushe za a ba ki, kuɗin zuwa gida yana ciki ko a'a, me zai faru da kafin alƙalami idan jariri ba shi da lafiya aka ɗaga. Sannan ki faɗi ƙarara ko kin yarda a sa hoton ɗanki a shafinta. Da yawa daga cikinmu muna ɗauka an yarda in ba a hana ba. Ko don gudun kambun baka ne, ko don masu kwasar hotunan jarirai su yi damfara da su, haƙƙinki ne ki ce a'a, bai kuma kamata a ƙara miki kuɗi a kan haka ba. Al'aurarsa a rufe take a kowane hoto, har waɗanda ba za a fitar ba.

Ku yi maganar gyara ma. Saɓar fata, ɗan ƙurji, karcen farce, waɗannan masu wucewa ne, a goge su ba laifi. Amma ki ce kada a canza masa launi. Ana yawan haskaka jarirai a kwamfuta har su zama ba su ba, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin wata rana yaron zai girma ya kalli hoton, ya ga an ɗauka launinsa abin gyarawa ne. Tabon haihuwa ma nasa ne, sai in ku kuka ce a cire.

Ni ba likita ba ce, kuma ban ga jaririnki ba. Idan ya zo bakwaini, ko nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, ko tagwaye ne ƙanana, ko an kwantar da shi bayan haihuwa, likitansa ne zai ce ga lokacin da za a iya, kuma ko ya yarda, a tsaya a kan hoton da yake naɗe a hannunki ko kwance rigingine.

Idan hotunan suka fito, ki ce a turo miki su cikakku ta Google Drive ko a matsayin fayil, domin WhatsApp yana rage musu inganci idan aka tura su yadda aka saba. Ki ajiye su wuri biyu, ɗaya ba a waya ba. Ki wanke guda uku ko huɗu a takarda tun a watan, ki ba Mama nata, ki aika wa kakanninsa na wajen uba nasu kafin ki koma ɗakinki.